Katin bashi mai sunan kanti a Amurka: wa yake cin moriyar kashi 5 ɗin nan?

Bakatsine_Columbus:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Kusan duk babban kantin da mutum ya shiga, da an zo wurin biya sai a ce masa ko yana son katinsu, a rage masa wani abu nan take. Target da nasu, Costco da nasu, Amazon, Lowe's, Best Buy, kowa da nasa. Sababbin zuwa suna yawan tambaya a kan wannan. A nawa ganin, wanda dama a kanti ɗaya yake cefanen gidansa duk wata, ƙin karɓar katin asara ce, tunda kashi 5 cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ne a shekara. Masu sani a gyara min idan da abin da ban hango ba.

MalamAkawu:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi maganar asara ko akasin haka, a fara rarrabe katunan, don ba iri ɗaya ba ne.

Na farko, kantin ba shi ne yake ba ka bashi ba. Sunansa ne a jikin katin, amma banki ne mai kuɗin. Na Costco na Citi ne, Prime Visa na Chase ne, na Target na TD Bank ne, na Lowe's na Synchrony ne. Idan rigima ta taso a kan caji ko tara, manajan kanti ba shi da ta cewa, banki za ka kira.

Na biyu, akwai katin da ba ya aiki ko'ina sai a kantin da ya ba da shi, akwai kuma mai tambarin Visa ko Mastercard da za ka iya sayen mai ko abinci da shi a ko'ina. Amazon ma kaɗai suna da duka biyun: Prime Visa na Chase yana aiki ko'ina, Amazon Store Card na Synchrony kuwa a harkar Amazon ya tsaya. Mutane da yawa suna cike takarda suna zaton na farkon za a ba su, sai na biyun ya iso a akwatin wasiƙa.

Wanda ba ya aiki sai a kanti ɗaya ya fi sauƙin samu, shi ya sa ake tura wa sababbin zuwa shi. Kuma shi ne ya fi tsadar kuɗin ruwa.

Hajiya_Bronx:
Banza ba ta kai zomo kasuwa, ɗana. Lissafin a fili yake. Kuɗin ruwan waɗannan katunan yakan haura kashi 30 a shekara, wato kashi 2 da rabi kowane wata. Ka sayi kayan dala 400, an rage maka dala 20. Ka bar bashin ya kwana wata biyu, ruwan ya kai dala 20. Daga wata na uku kai kake biyan su.

MalamAkawu:
Gaskiyar Hajiya ce. Hukumar CFPB mai kula da haƙƙin masu hulɗa da bankuna ta fitar da rahoto a Disambar 2024 a kan katunan kantuna, ta ce kashi 90 cikin ɗari daga cikinsu mafi girman ruwan da suke cajewa ya wuce kashi 30. A katunan banki na gama-gari kashi 38 ne kawai suke kaiwa nan. Kuma da yawa daga katunan kanti ruwa ɗaya suke sa wa kowa, mai tarihin biya mai kyau da marar shi.

Bakatsine_Columbus:
Na ji wannan, Hajiya. Amma ni maganata a kan wanda yake biya gaba ɗaya ne duk wata, ba ya barin ko sisi.

Direba_Houston:
Ga mai biya gaba ɗaya, ina tare da kai, musamman masu aikin tuƙi. Katin Costco yana mayar da kashi 4 a kan man mota, tun farkon 2025 kuma kashi 5 idan a gidan man Costco ɗin aka sha. Kashi 3 a gidajen abinci da tafiye-tafiye, kashi 2 a cikin Costco, kashi 1 a sauran.

Amma ga abubuwan da ba a faɗa a wurin cike takarda. Garaɓasar mai tana da iyaka, dala 7,000 a shekara, daga nan sai ta koma kashi 1. Wato mafi yawan abin da mai zai kawo maka dala 280 ne zuwa 350. Mai tuƙi dare da rana yakan cike wannan kafin shekara ta ƙare, daga nan gara ya sauya kati. Sannan ba kowane famfon mai ne ake ƙirgawa a matsayin gidan mai ba. Wanda yake haɗe da babban kanti ko wani kantin 'yan rijista (mai karɓar kuɗin zama mamba duk shekara) da ba Costco ba, kashi 1 za a ba ka. Abin da yake yanke hukunci shi ne lambar rukunin da aka yi wa ɗan kasuwar rijista da ita a tsarin Visa, ba abin da ka saya ba.

UmmuHanif:
Yaya Direba ka bar babbar matsalar katin nan. Ba a ba ka kuɗinka duk wata. Sau ɗaya ne a shekara, tare da takardar lissafin watan Fabrairu, kuma takardar shaida ce da za ka kai Costco ka yi sayayya da ita ko a ba ka tsabar kuɗi. Tana mutuwa ranar 31 ga Disamba na wannan shekarar. Wanda ya rufe katin a watan Nuwamba ko Disamba kafin takardar ta fito, abin da ya tara ya tafi. Kuma katin a ɗaure yake da rijistar Costco, idan ka daina biyan rijista katin ma ba zai ɗore ba.

Direba_Houston:
Haka ne 'yar uwa, kin cike min. Duk mai niyyar barin Costco ya jira Fabrairu, ya karɓi haƙƙinsa, sannan ya rufe.

Sadauki77:
Ni inda nake da ja shi ne yadda ake ƙirga kashi 5 ɗin. Bai kamata a gwada shi da sifili ba. Akwai katunan banki marasa kuɗin shekara da suke mayar da kashi 2 a kan komai, irin Citi Double Cash da Wells Fargo Active Cash. To abin da katin kanti ya ƙara maka kashi 3 ne, ba 5 ba. Gidan da yake kashe dala 300 a wata a Target, bambancin dala 9 ne a wata, dala 108 a shekara. Kuɗi ne, ban raina ba. Sai dai tara ɗaya ta jinkirin biya tana kaiwa wajen dala 40, uku sun share shekarar.

Na Amazon ma a duba da kyau. Kashi 5 ɗin sai kana biyan Prime, wato rijistar zama mamba ta Amazon, dala 139 a shekara. Wanda ba shi da Prime kashi 3 ake ba shi. Bambancin kashi 2 ne. Kafin kashi 2 ya biya maka dala 139 sai ka kashe dala 6,950 a Amazon da kantin abincinsu Whole Foods a shekara. Wanda dama yana biyan Prime saboda kawo kaya da wuri, katin ƙari ne mai kyau. Wanda zai shiga Prime saboda katin, ya sake lissafi.

Irin wannan lissafin ne a Costco: rijistar talaka dala 65, ta Executive dala 130 tun Satumbar 2024, ita kuma tana mayar da kashi 2 nata na daban. Sai ka kashe dala 3,250 a shekara kafin ƙarin dala 65 ɗin ya dawo.

Almajirin_Malam:
'Yan uwa ana ta lissafi an bar asalin magana. Katin nan yarjejeniya ce da mutum yake sa hannu cewa idan ya jinkirta zai biya kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 12 a Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar da katin bashin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa ba ko a yi mu'amala da shi, ko da mai katin yana da niyyar biya kafin wa'adi ya cika. Wannan ya kamata sababbin zuwa su sani kafin a kai ga kashi nawa ne.

Alhaji_Greensboro:
Allah ya saka da alheri Malam, tunatarwa ce a kan hanya. Amma a cika magana: akwai malaman da suke fatawa ga Musulmin da ke zaune a ƙasashen nan, sun sauƙaƙa saboda buƙata, da sharaɗin mutum ya tabbata zai biya kafin ruwa ya hau. Dalilinsu shi ne a nan hayar gida, hayar mota, ɗakin otal, wani lokaci har layin waya, duk suna komawa ga tarihin bashi. Kowa ya zauna da malamin da ya yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da dai babu saɓani a kai shi ne barin ruwan ya hau.

Almajirin_Malam:
Na yarda akwai wannan fahimtar, Alhaji. Sai dai waɗanda suka sauƙaƙa, saboda buƙata suka sauƙaƙa. Kati ɗaya na gina tarihi buƙata ce ana iya cewa. Kati na huɗu don a rage dala 15 a kan takalmi fa?

UmmuHanif:
Ga mai son kauce wa wannan gaba ɗaya akwai hanya a Target. Katin nasu, wanda a da ake kira RedCard, aka sauya masa suna zuwa Target Circle Card a 2024, yana da nau'in da ba na bashi ba. Ana haɗa shi da asusun bankinka, a cire kuɗin daga can, kuma ragin kashi 5 ɗin ɗaya ne, nan take a wurin biya. Har da kawo kaya kyauta a yawancin sayayyar intanet da ƙarin kwana 30 na mayar da kaya. Babu ruwa tunda babu bashi.

Abu biyu za a kula. Kuɗin ba ya fita daga asusu a ranar, yakan ɗauki 'yan kwanaki, to mutum sai ya duba asusunsa ya ga kuɗi yana nan ya kashe, cirewar ta zo ta tarar babu komai, a ci shi tara. Na biyu, ba ya gina tarihin bashi ko kaɗan. Kuma ragin ba ya hawa kan komai, katin ba da kyauta na Target (gift card) da magungunan da likita ya rubuta suna cikin abubuwan da aka cire.

Hajiya_Bronx:
Wannan shi ya fi dacewa da yawancin matanmu masu cefanen gida. Allah ya yi miki albarka.

MalamAkawu:
Bari in dawo kan abin da ya fi cutar da mutane, wanda ya wuce duk abin da aka faɗa. Shi ne tayin nan na babbar sayayya: firiji, injin wanki, kujeru, talabijin. A Lowe's da Home Depot misali, sayayyar dala 299 zuwa sama ana ba da wata 6 a biya, wai ba ruwa. Wasu wuraren wata 12, 18, har 24.

A karanta rubutun da kyau. Idan aka rubuta "0% intro APR", ruwan babu shi a wannan lokacin, bayan wa'adi abin da ya rage kaɗai ne zai fara hawa ruwa. Idan kuwa aka rubuta "no interest if paid in full", ruwan yana nan ana lissafa shi a gefe tun ranar da ka sayi kayan. Ka biya duka kafin wa'adi, a yafe. Ka bar ko dala 10, a ɗora maka shi gaba ɗaya.

Misali, firiji na dala 1,200, wata 12, ruwa kashi 30. Mutum yana biyan dala 95 duk wata ba fashi. Bayan wata 12 ya biya 1,140, saura 60. A takarda ta gaba zai ga an ƙara masa dala 200 da wani abu, saboda an koma an lissafa ruwan kowane wata tun daga farko.

Kuma mafi ƙarancin biyan da banki yake rubutawa a takarda ba a tsara shi don ya gama bashin cikin wa'adi ba. Wanda ya bi wannan lambar zai isa ƙarshen shekara da fiye da rabin bashin a kansa.

Yadda ake yi: ka cire wata ɗaya daga adadin watannin, ka raba kuɗin da abin da ya rage. Dala 1,200 a raba 11, kusan 110. Ka sa bankinka ya riƙa tura wannan da kansa. Sannan ka duba ranar da tayin zai ƙare a jikin takardar lissafi, don ba lallai ta zo daidai da ranar biyan wata ba, wani lokaci tana riga ta.

Sadauki77:
Ƙari a kan na Malam Akawu: kada a ƙara sayen komai da wannan katin har sai an gama. Dokar katunan bashi ta 2009 ta ce abin da ka biya sama da mafi ƙaranci yana tafiya ne ga bashin da ya fi tsadar ruwa. To idan ka sayi fenti na dala 150 da katin da firijin yake kai, ƙarin kuɗin da kake turawa fentin zai fara biya, firijin yana zaune. Sai a watanni biyu na ƙarshe ne doka ta tilasta a karkatar da ƙarin zuwa bashin tayin. Wasu bankunan suna yarda su karkatar tun da wuri idan ka kira ka nema, amma ganin dama ne.

A Lowe's kuma zaɓi ne, ko ragin kashi 5 ko watannin, ba a haɗa maka biyun a sayayya ɗaya.

Dan_Agadas:
Tambaya, don Allah. Wanda bai fi shekara da zuwa ba, ba shi da tarihin bashi sam, katin kanti zai taimaka masa wajen gina makin bashi ko zai ɓata?

MalamAkawu:
Zai iya duka biyun, ɗan uwa. Makin FICO, wanda bankuna suke auna amanar mutum da shi wajen biyan bashi, daga 300 ne zuwa 850. Kashi 35 na lissafin biya a kan lokaci ne, kashi 30 yawan bashin da ke kanka idan an gwada da iyakar da aka ba ka, kashi 15 daɗewar tarihi, sauran 20 sababbin katuna da nau'o'in bashi. Katin kanti yana kai rahoto ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, Equifax da Experian da TransUnion, kamar kowane kati, to biya a kan lokaci yana ginawa.

Matsalar ita ce iyakar tana da ƙanƙanta, dala 300, 500. Mai iyakar 500 ya yi cefanen 400, a idon tsarin ya cinye kashi 80 na abin da aka ba shi, maki ya sauka ko da ya biya duka a ranar biya. Dalili kuwa abin da ake kai wa rahoto yawanci shi ne adadin ranar rufe lissafin wata, ba na ranar biya ba. Ranakun biyu ne daban, tsakaninsu aƙalla kwana 21. Mai son makinsa ya yi kyau ya biya mafi yawan kuɗin kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, ya bar ɗan kaɗan ya fito a takarda, sannan ya biya shi.

Kowace takardar nema kuma tana jawo bincike a tarihinka, yana zama shekara 2 a rubuce, yana taɓa maki kamar shekara guda. Ɗaya ba komai ba ne. Huɗu a lokacin rangwamen ƙarshen shekara, ga wanda yake shirin neman gida ko mota, matsala ce. Ko an ƙi ba ka katin, binciken ya riga ya shiga.

Ga sabon zuwa ni na fi ganin katin da ake ajiye kuɗin jingina a banki a ba ka iyaka daidai da shi, tunda yana aiki ko'ina kuma daga baya ana mayar maka da ajiyarka.

Dan_Agadas:
Na gode Malam. To idan an makara da kwana biyu ko uku fa, shi ke nan maki ya lalace?

Direba_Houston:
A'a. Tara za a ci ka, kuma ruwa zai hau, amma ba a kai rahoton makara sai ta cika kwana 30. Idan ta kai nan kuwa shekara 7 take zama. Wanda ya makara karon farko ya biya nan da nan ya kira banki ya roƙi a cire tarar, sau da yawa suna cirewa. Kuma ya duba takardar wata mai zuwa ko da ya biya duka, don ruwan kwanakin da ke tsakani yakan biyo baya, dala 3 ko 5, mutum yana zaton ya gama, ita kuma ta zauna har ta zama sabuwar makara.

'YarKano_Leeds:
Ina karanta ku ina mamakin kashi 5. Mu a Ingila ba a ganin haka. Doka ta kayyade abin da bankin mai kati zai karɓa daga ɗan kasuwa a kashi 0.3 na sayayya, to babu inda za a samo garaɓasa mai yawa. Katin Amazon na nan, wanda Barclaycard suke bayarwa tun 2024, kashi 1 ne a Amazon. Na Tesco makin garaɓasa ne ake tarawa a tsarinsu na Clubcard, kuma bankin Tesco ɗin ma Barclays sun saye harkar katunansa a 2024, na Sainsbury's ya koma NatWest. Abin da muke da shi mai ƙarfi shi ne sashe na 75 na dokar bashi ta 1974: kayan da kuɗinsa ya haura fam 100 har zuwa 30,000, idan mai sayarwa ya karye ko ya yaudare ka, bankin katin ma yana da alhakin biyanka.

Sadauki77:
Anti kin taɓo wani abu da ya shafi nan ma, wato sauya banki. Costco sun bar American Express sun koma Citi a Yunin 2016, Walmart da Capital One sun rabu a 2024. Duk lokacin da aka yi haka sharuɗɗa suna iya sauyawa, lambar kati tana iya sauyawa, kuma biyan da mutum ya saita yana fita da kansa ba lallai ya bi shi sabon wurin ba. Wasiƙar da ta zo da maganar sauyin banki a buɗe ta, a sake saita biya, a duba abin da zai faru da makin da aka tara. Alƙaluman da muke kawowa a nan ma kowa ya sake dubawa a takardar sharuɗɗa ranar da zai nema, suna motsi.

Baba_Zango:
Yara ku ƙara da maganar aika kuɗi gida. Wasu suna sa katin bashi a manhajar aika kuɗi zuwa Kumasi ko Kano ko Yamai suna zaton makin garaɓasa zai taru. Banki sau da yawa yana ɗaukar wannan a matsayin cire tsabar kuɗi. Caji na daban nan take, galibi kashi 5 ko dala 10, wanda ya fi yawa, ruwa kuma yana fara hawa daga ranar, babu jiran ƙarshen wata, babu maki ko ɗaya. Aika kuɗi daga asusun banki ake yi.

Alhaji_Greensboro:
Gaskiya ne Baba. Ga masu tafiya gida ko Umara kuma: katin da ba shi da tambarin Visa ko Mastercard a bar shi a gida, ba zai yi aiki ba. Na Costco da Prime Visa ba sa cajin kuɗin sayayya a ƙasar waje, wasu katunan kuwa kashi 3 suke ɗorawa. Idan na'urar biya a Makka ko Madina ta tambaya a cire da dala ko da riyal, a zaɓi riyal, canjin da na'urar take yi da kanta ya fi tsada.

Hajiya_Bronx:
Abu ɗaya ban ji an faɗa ba. Lokacin cike takarda ko kiran farko na buɗe kati, ana tallata wani tsari wai zai biya maka idan ka rasa aiki ko ka kwanta ciwo. Caji ne duk wata gwargwadon bashin da ke kan katin. Masu ƙarancin Turanci suna cewa to ba su san me suka amsa ba. A duba takardar lissafi layi-layi, duk abin da ba saye ba ne a kira a tambaya. Wasu bankunan katin kanti ma tun 2024 suna cajin dala 2 zuwa 3 a wata a kan aiko takarda ta gidan waya, sai mutum ya koma karɓa ta intanet.

UmmuHanif:
Idan kuma aka ga cajin da ba daidai ba, kamar an cire sau biyu ko an mayar da kaya kuɗin bai dawo ba, doka ta ba da kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar da kuskuren ya fara fitowa. A rubuce ake yi, zuwa adireshin ƙorafi, ba wanda ake aika biya ba. Banki sai ya amsa cikin kwana 30, ya warware kafin kwana 90. A ajiye rasit ɗin mayar da kaya. Kuma a sani idan an mayar da kaya makin da aka samu a kansa ma ana janye shi.

Bakatsine_Columbus:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mai sayayya a wuri ɗaya, mai biya gaba ɗaya, yana da abin samu. Lissafin Sadauki ma dala 108 ya nuna, ba sifili ba.

Sadauki77:
Yana da shi, idan cefanen bai ƙaru ba saboda katin. Kantin ba don Allah yake rage kashi 5 ba, ya san mai katinsa ya fi yawan dawowa, kuma yakan daina duba farashin wani wuri. Shinkafa da mai da nama, idan shagon 'yan Afirka ko Aldi ya fi sauƙi da kashi 10, ragin kashi 5 bai kai ka ko'ina ba. A gwada farashin abubuwa goma da gidan ya fi saye, kanti biyu, kafin a yanke.

Almajirin_Malam:
Ni dai ina nan a kan na UmmuHanif, wanda ba bashi a ciki.

Dan_Agadas:
Wata tambayar kuma. Wanda ya riga ya buɗe guda uku ba ya amfani da su, ya rufe ko ya bari?

MalamAkawu:
Idan ba su da kuɗin shekara, ba dole a rufe ba, musamman wanda ya fi daɗewa. Rufewa tana rage jimillar iyakarka, sai bashin sauran katunan ya yi nauyi a lissafi. Amma katin da aka yi watanni ba a taɓa ba banki yana iya rage iyakarsa ko ya rufe shi da kansa, to a sayi ɗan abu kaɗan da shi duk bayan 'yan watanni a biya. Wanda ya san katin a aljihu yana ja masa sayayya, ya rufe, 'yan makin da za su sauka suna dawowa. Kafin rufewa a kashe garaɓasar da ta taru, a tabbatar lissafi ya koma sifili har wata mai bi, sannan a duba AnnualCreditReport.com, kyauta ne, a ga an rubuta an rufe shi babu bashi.

Direba_Houston:
Ɗan Agadas, guda ukun na waɗanne kantuna ne, kuma akwai tayin watanni a kan wani daga ciki? Idan akwai, da shi za a fara.